Waiwaye: Yadda Sunanmu Ya Zama Hajar Naira Ɗari

Tun da layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, inda hanyar Fatakwal ta sadu da ta Kaduna da ta Jos, garin yake karɓar baƙi. Ma'aikacin jirgi daga gabas, ɗan kasuwa daga Kano ko Zariya, manomi daga Kwoi, Zonkwa, Kagoro ko Godogodo, duk kasuwa ɗaya suke ci, Hausa ce kuma ke haɗa su. A irin wannan gari ciniki ba ya tafiya sai da bashi, bashi kuwa ba ya samuwa sai da sanayya. Tambaya ɗaya ake yi wa baƙo: "Wa ya san ka a garin nan?" Idan mai masaukinsa ya ce "nawa ne", magana ta ƙare. Dillalin citta yakan ba manomi kuɗi tun damina ba ta yi nisa ba, ya jira kaka, babu takarda babu sa hannu. Uwar adashi takan riƙe zubin mata a ɗan littafinta. Mai shago yakan rubuta wa malamin makaranta shinkafa da sabulu har ƙarshen wata.

Jarin kowa a wancan zamani sunansa ne, sunan kuma yana tafe da fuska, da murya, da dangi. Mutum yana iya ɓata sunansa da halinsa, amma babu mai iya ɗaukar sunan wani ya shiga kasuwa ya ci bashi da shi, domin kafin ya buɗe baki an gane ba shi ba ne.

Yau sunan ya rabu da fuskar. Abin da banki ya sani game da kai lambobi biyu ne, BVN da NIN, kowacce alƙaluma 11, sai layin wayar da aka ɗaure su da shi. Duk wanda ya mallaki waɗannan, a idon na'ura shi ne kai. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Ya kamata mu juya mu dubi yadda muka miƙa waɗannan lambobi cikin shekara goma da ɗoriya, da inda suka ƙare, da abin da ya rage a hannunmu.

Layukan da muka bi

Ranar 14 ga Fabrairun 2014 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN, kwanaki kaɗan kafin Sanusi Lamido Sanusi ya bar kujerar gwamnan bankin. Da wa'adin 31 ga Oktoban 2015 ya matso, duk wanda ke Kafanchan a lokacin zai tuna yadda bakin bankuna ya cika. Mutane daga Sanga, Kaura, Jaba da Zangon Kataf suna hawo babur tun asuba, saboda rassan banki a yankinmu ba su da yawa. Aka ɗauki zanen yatsu, aka ɗauki hoto, aka ba kowa lambarsa. Manufar mai kyau ce: a hana mutum ɗaya buɗe asusu da sunaye barkatai, a toshe hanyar ma'aikatan bogi, a san wanda ya ci bashi a wannan banki ya gudu wancan.

A Disambar 2020, ana tsakiyar fama da korona, ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Isa Ali Pantami ta ba da umarnin haɗa kowane layin waya da NIN. Muka sake bin layi. A Afrilun 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 72 yin kira saboda ba a haɗa su ba. Tsoron rasa layi ya sa jama'a suka riƙa miƙa takardar NIN ga duk wanda ya kafa tebur da lema a bakin titi ya ce yana "haɗawa".

Sai kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira. Gwamnatin Kaduna tana cikin jihohi ukun farko da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, tare da Kogi da Zamfara, kotun kuma ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris. Amma kafin nan aikin gama ya gama. Mai doya, mai acca, mai ƙosai, kowa ya buɗe asusu a waya don ya karɓi tiransifa, in ba haka ba kayansa su kwana. Wanda bai iya karatu ba ya miƙa wayarsa da lambobinsa ga wani matashi ya buɗe masa. A rumfunan masu POS kuwa, na sha jin irin wannan magana da kunnena:

"Mama, sa lambar sirrinki."

"Ɗana, danna mini, idona ba ya gani sosai."

Sai ta faɗi lambar da ƙarfi, mutanen da ke bayanta a layi suna ji, katin kuma yana hannun wani.

Daga baya Gwamna Uba Sani ya sa hannu kan umarnin shigar da talakawa harkar banki, gwamnatinsa kuma ta ce an buɗe asusu fiye da miliyan 2 a jihar. Wannan ci gaba ne, kuma babu mai hankalin da zai so a koma ajiye kuɗi ƙarƙashin katifa. Sai dai a duk waɗannan matakai an koya mana yadda ake ba da lamba, ba a koya mana yadda ake tsaron ta ba.

Takarda a kan tebur, littafi a gindin mangwaro

Ka shiga kowane shagon kwamfuta da ake cike fom a garin nan, ka dubi gefen injin fotokwafi. Za ka ga tarin takardun da suka fito da duhu ko a karkace, an ajiye su gefe. A jikinsu akwai hoton mutum, cikakken sunansa, lambar NIN ɗinsa da adireshinsa. Wasu suna ƙarewa a bola, wasu a hannun mai gyaɗa tana ƙunsa ciniki. A cikin kwamfutar kanta akwai hotunan takardun ɗaruruwan mutane da suka zo cike N-Power, ko neman aikin soja, ko rancen korona na naira biliyan 50 da Babban Banki ya fitar a 2020 ta hannun bankin NIRSAL. Mai shagon ba mugu ba ne, neman abincinsa yake. Amma yaran da ke koyon aiki suna shiga suna fita, kwamfutar kuma ranar da ta lalace za a kai ta wurin gyara da duk abin da ke cikinta.

A daminar 2023 cutar da ta afka wa citta ta cinye gonaki a Kachia, Jaba, Kagarko, Jama'a da maƙwabtansu. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da kimanin naira biliyan 12. Mutanen da suka zuba duk abin da suka mallaka a iri suka wayi gari da ruɓaɓɓiyar gona. Hukumomi da ƙungiyoyin manoma na gaskiya sun ɗauki sunaye don tallafi. Amma a bayansu wasu ma sun fito, da babban littafi da biro, suna zama a gindin mangwaro suna cewa: "Suna, lambar waya, BVN, NIN. Tallafi yana hanya." Ba wanda ya tambaye su daga wane ofishi suke. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ina waɗannan littattafai suke a yau, kuma a hannun wa?

Ranar da asiri ya tonu

A Maris ɗin 2024 gidauniyar binciken ƙwaƙwaf ta 'yan jarida, FIJ, ta bayyana cewa wani shafin intanet mai suna XpressVerify yana sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya a kan naira 200. A watan Yuni na shekarar ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo wani shafin, AnyVerify, da ke sayar da irin waɗannan bayanai a kan naira 100. Don ta nuna girman ɓarnar, ƙungiyar ta ce ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani, da ta Vincent Olatunji, shugaban hukumar kare bayanan jama'a kansa. Hukumar NIMC mai ba da lambar NIN ta ce ba a kutsa cikin rumbunta ba, ta kuma fitar da sunayen wasu shafuka da ta ce ba su da izininta, ta gargaɗi jama'a da su guje su.

Ko ta wace ƙofa bayanan suka fita, sakamakon ɗaya ne ga mai citta a Kwoi. Idan bayanan minista suna samuwa da kuɗin da bai kai na ƙullin gishiri ba, na talaka fa?

A Yulin 2025 hukumar EFCC ta ƙara buɗe wani ɓangaren. Ta ce akwai matasa kimanin 12,000 a faɗin ƙasar nan da sana'arsu ita ce bin mutane suna sayen NIN, BVN da hotonsu a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kimanin naira 5,000, a buɗe asusu da su don wucewar kuɗin damfara. Wato ba kutse kaɗai ke fitar da sunanmu ba. Talauci ma yana fitar da shi, da hannun mai shi.

Lambar BVN da ta NIN na mutum ne har ƙarshen rayuwarsa. Katin ATM idan ya ɓata ana toshe shi a ba ka sabo. Waɗannan kuwa ba a sauya su, ranar haihuwarka ma ba ta sauyawa. Don haka gara kowa ya ɗauka cewa nasa sun riga sun fita, ya tsara tsaronsa a kan haka.

Yadda ake cin bashi da sunan wani

Lambar BVN ita kaɗai ba ta cire kuɗi daga asusu. Ita tamkar kwatancen gida ce: wanda ya samu ya san inda kake da yadda zai kira ka, amma makulli yana hannunka, wato lambar sirri, da lambar nan ta wucin gadi da banki ke turowa ta tes, wadda ake kira OTP, da kuma layin wayarka. Duk dabarar ɓarawo ita ce ya karɓi makullin.

Hanya ta farko kira ne. Murya mai ladabi ta ambaci cikakken sunanka, ranar haihuwarka da sunan bankinka, ta ce an toshe BVN ɗinka, ko za a rufe asusunka kafin la'asar. Da yake ya san abin da kake zaton banki kaɗai ya sani, sai zuciyarka ta kwanta. "Yanzu za ka ga wata lamba ta shigo, karanto mini ita." Da ka karanta, ka buɗe masa ƙofa.

Hanya ta biyu satar waya ce, a kasuwa, a tasha, ko a cikin Keke Napep. Ɓarawon zamani bai damu da wayar ba kamar yadda ya damu da layin. Zai zare shi ya sa a wata waya, ya danna *565*0#, lambar BVN ta fito masa. Daga nan ya gwada shiga asusun ta lambobin banki na waya, ya sayi kati, ya tura kuɗi, sannan ya bi manhajojin ba da rance ɗaya bayan ɗaya yana karɓar bashi da sunanka kafin gari ya waye.

Hanya ta uku layin da aka yasar ne. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani yakan sake sayar da shi ga wani. Idan shi ne ke ɗaure da asusunka ba ka sauya a banki ba, saƙonnin kuɗinka da OTP ɗinka suna shiga wayar baƙo. Wannan ya fi shafar asusun tsofaffi, da na waɗanda suka rasu, da na waɗanda rikici ya raba da gidajensu suka bar komai a baya, irinsu kuwa ba kaɗan ba ne a yankinmu.

Ɓarnar ba ta tsayawa a kuɗin da aka kwashe. Ranar 30 ga Mayun 2017 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu kan dokar tattara tarihin bashi. Kamfanoni uku ne ke da lasisin wannan aiki: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna da masu ba da rance suna aika musu sunan wanda ya karɓa, da wanda ya biya, da wanda ya ƙi biya. Kafin a ba ka rance, can ake fara duba ka. Tun 1 ga Agustan 2020 kuma akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire bashin da aka ƙi biya daga sauran asusun da ke ɗaure da BVN ɗin mai bashin. Akwai kuma jerin masu laifi da bankuna ke sa BVN ɗin da aka kama da damfara. Asusun da ka sayar a kan naira dubu biyu, idan kuɗin sata ko na fansa suka bi ta cikinsa, kai jami'an tsaro za su nema, domin hotonka ne a jiki.

Wani dattijo a unguwarmu, tsohon malamin firamare, ya nemi ɗan rance don ya sake sayen irin citta bayan asarar da ya yi. Na raka shi. Matashiyar da ke kan tebur ta duba kwamfuta, ta ɗago a hankali.

"Baba, akwai bashin da ba ka biya ba."

"Ni? 'Yata, sake dubawa. Tun da nake ban taɓa kwana da kuɗin wani ba."

"Baba, sunanka ne, BVN ɗinka ne. Wurare biyu aka karɓa, ta waya."

Ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai, wadda aka ɗaure bayanta da roba, ya ajiye a kan tebur. "Da wannan?"

Sai daga baya ya tuna wayar da aka zare masa a tasha, wadda ya ɗauka asararta ba ta wuce kuɗin sayenta ba. Bashin ba wani mai yawa ba ne. Abin da ya karya masa zuciya shi ne mutumin da ya yi shekaru yana koya wa yara gaskiya, an rubuta shi a jerin masu cin bashi su gudu. Kafin a wanke sunansa lokacin shuka ya wuce.

Abin da wasu suka koya

Ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba. A Satumbar 2017 kamfanin Equifax na Amurka, ɗaya daga cikin manyan masu ajiye tarihin bashi a can, ya sanar cewa an kutsa cikin rumbunsa, daga baya kuma aka tabbatar an kwashi bayanan mutane kimanin miliyan 147. A 2019 ya amince da biyan abin da zai iya kai dala miliyan 700. Tun Satumbar 2018 kuma doka ta ba kowane Ba'amurke damar kulle tarihin bashinsa kyauta, yadda ba za a iya buɗe sabon rance da sunansa ba sai shi ya buɗe. Darasin a nan shi ne, bayan bayanai sun fita ba a iya tattaro su. Tsaro yana komawa ƙofar da ake ba da bashi, da kuma idon mai suna a kan abin da ake rubutawa game da shi.

Mu ma muna da doka. Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka yi masa kutsen da zai iya cutar da su. A Agustan 2024 hukumar ta ci tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8 kan yadda ya sarrafa bayanan mutane, ko da yake bankin ya ce bai karya doka ba. Tun kafin nan, a Agustan 2021, hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin rance na Soko Lending naira miliyan 10 saboda tura saƙonnin tozarci ga mutanen da ke cikin wayar masu bashi. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu irin waɗannan kamfanoni a Legas, ta kuma wajabta musu rajista. Ashe akwai inda za a kai kuka. Matsalar ita ce yawancinmu ba mu san ƙofar ba.

Abin da ya rage a hannunmu

Fara da layinka. Kowane layin waya yana da wurin sa masa lambar sirri tasa, daban da ta buɗe waya. Idan ka sa ta, ɓarawon da ya zare layin ya sa a wata waya ba zai iya amfani da shi ba. Aikin minti biyu ne, kuma ko ƙaramar waya tana yi. Ka tabbata layin da ke ɗaure da asusunka da sunanka aka yi masa rajista, ba na ɗanka ko na wani mai shago ba. Kada ka bar shi ya mutu. In ka sauya layi, je banki da ƙafarka a sauya.

Ka san lambar gaggawa ta toshe asusu tun kafin ka buƙace ta. Ta First Bank *894*911# ce, ta Zenith *966*911#, ta Access *901*911#, ana kuma iya danna su daga wayar wani. Tambayi bankinka tasa, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida, matarka ko mijinki ya san inda take. Ranar da waya ta ɓata, fara toshe asusu, sannan ka toshe layi, kafin ka fara neman wanda ya ɗauka.

Lambar sirri da OTP ba a faɗa wa kowa, ko ya ce daga banki yake, ko daga Babban Banki, ko daga ofishin tallafi. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar su. In an kira ka ana gaggauta ka, kashe wayar ka je reshe. Kada ka yi lambar sirri da shekarar haihuwarka, domin tana cikin abin da aka riga aka sayar. A wurin mai POS, karɓi na'urar ka danna da hannunka. Tsohuwar da ba ta gani, a samu mutum ɗaya amintacce daga gida ya riƙa raka ta.

Idan dole ka ba da fotokwafin takardarka, rubuta a kanta da biro dalilin bayarwa da kwanan wata, yadda ba za ta yi amfani a wani wuri ba. Karɓi waɗanda suka lalace ka tafi da su. Ka tsaya har mai shago ya goge hoton daga kwamfutarsa. Mai littafin tallafi kuwa, tambaye shi katin aikinsa da ofishin da ya turo shi, a kuma tuntuɓi mai unguwa ko sakatariyar ƙaramar hukuma kafin kowa ya ba da lamba. Wanda ya ce zai ba ka kuɗi don ka ara masa asusu ko NIN, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sai babban abin da kusan dukanmu ba mu yi: duba tarihin bashinka. Dokar 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara daga waɗannan kamfanoni, ana kuma nema ta shafukansu na intanet. Ko ba ka taɓa cin bashi ba, duba. Hasali ma wanda bai taɓa ci ba shi ya fi buƙata, domin shi ne ba zai yi zargin komai ba sai ranar da aka hana shi rance. Tunda ba lallai mai ba da bashi ya aika wa duka ukun ba, duba kowannensu.

Idan ka ga bashin da ba naka ba, kada ka biya don kunya, kada kuma ka yi shiru. Kai rahoto ofishin 'yan sanda ka karɓi takarda. Yi takardar rantsuwa a kotu. Rubuta ƙorafi ga wanda ya ba da bashin da kuma kamfanin da ya rubuta shi a tarihinka, ka riƙe kwafi mai hatimi da lambar ƙorafi. In banki ne ya wuce mako biyu bai warware ba, kai maganar sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. In manhajar rance ce, FCCPC. In bayananka aka yi wasa da su, NDPC. In matsalar layi ce kamfani ya ƙi saurare, kira hukumar NCC a 622, kyauta ne. Maganar baki tana bin iska, takarda ce ke tsaya maka.

Aikin gayya ne

Duk wannan ba zai isa ga wanda ya fi buƙata ba idan a jarida kaɗai ya tsaya. Waɗanda aka fi cuta su ne waɗanda ba sa karanta saƙon banki saboda da Turanci yake zuwa. A yankinmu kuwa babu gidan da coci ko masallaci bai kai gare shi ba. Zumuntar mata tana taruwa kowane mako. Limamai suna huɗuba kowace Juma'a. Ƙungiyoyin manoman citta, na 'yan acaɓa, na masu POS, duk suna da ranar taro. Minti goma a kowane taro, a koya wa mutane sa lambar sirri a layi, a maimaita musu cewa banki ba ya tambayar OTP, zai hana asarar da wa'azin bayan aukuwa ba zai mayar ba. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, idan suka je hutu, kowannensu ya zauna da iyayensa da kakanninsa ya duba musu layi da asusu da tarihin bashi. Masu shagon kwamfuta su mai da goge bayanan kwastoma da ƙona takardun da suka lalace ƙa'idar sana'a.

Amma kada a ɗora wa talaka dukan nauyin. Ba da son ranmu muka tara bayananmu a rumbunan hukumomi da kamfanoni ba, umarni aka ba mu, muka bi. Wanda ya tilasta maka ba shi ajiya, wajibi ne ya tsare ta, in kuma ta salwanta ya faɗa maka da wuri, da harshen da kake ji. Haƙƙinmu ne mu nemi bankuna su riƙa aika gargaɗi da Hausa, masu ba da rance su tabbatar da fuskar mai karɓa kafin su saki kuɗi, a kuma samar da wurin kai ƙorafi a nan kusa, yadda manomi daga Sanga ba sai ya kashe kuɗin mota zuwa Kaduna ko Abuja don ya wanke sunansa daga bashin da bai ci ba. Wakilanmu a majalisar jiha da ta tarayya su ji wannan daga bakinmu, su kuma nemi a ba mu damar kulle tarihin bashinmu da kanmu cikin sauƙi, kyauta.

Kafin su amsa, akwai abin da ba ya jiran kowa. A makon nan ka sa wa layinka lambar sirri, ka rubuta lambar toshe asusunka, ka nemi rahoton bashinka. In ka gama naka, ka yi wa mutum ɗaya da ba zai iya yi wa kansa ba.